Daga Daura Zuwa Abzin a Kan Keke: Ruwa, Iska, Yashi da Hawan Dutse

Tambaya: Wani matashi daga Daura ya aiko yana cewa: "Assalamu alaikum. Na sayi keke ɗan Kwatano mai giya 21, nakan je Mai'adua ko Zango in dawo ban jigata ba. Burina in hau shi in bi ta Damagaram har Agadas, in ga duwatsun Abzin da idona. Wane lokaci ya fi, me zan shirya, kuma keken nawa zai iya?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Burin naka mai kyau ne, kuma ba abin da ya fi ƙarfin mutum ba ne. Sai dai zuwa Zango a dawo da keke ba kaya, da ratsa hamada da kaya kilo talatin, abubuwa ne biyu daban. A irin wannan tafiya ba kai ne za ka ce yau zan ci kilomita kaza ba. Inda rijiya ta gaba take da inda iska ta dosa, su ne za su yanka maka zango.

Ga yadda hanyar take. Daga Daura ka bi ta Mai'adua zuwa iyakar Kongolam, ka tsallaka Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Takeita inda za ka haɗu da babban titin da ya taso daga Maraɗi, ka yi gabas zuwa Damagaram. Duka bai kai kilomita 150 ba, kwalta ce, garuruwa kusa-kusa, ga masu faci ga masu shayi. Kwana biyu ne a natse. Daga Damagaram zuwa Agadas kuwa kimanin kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Har Tanut, wato kusan kilomita 150, kana cikin ƙasar gero. Da ka wuce nan gonaki za su ƙare, ƙauyuka su yi nisa da juna, inuwa ta yi wuya, ka riƙa tarar da wuraren da kwalta ta mutu ko yashi ya hau kanta. Bayan Agadas sai Abzin. Zuwa Timiya, garin lambunan lemo da rumman, ya haura kilomita 200 a hanyar da ba kwalta: tsakuwa, duwatsu masu kaifi, da ƙoramu busassu cike da yashi mai laushi. Dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, shi ne mafi tsawo a Nijar. Gabas da duwatsun kuma hamadar Tenere ce. Wannan ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya, ba wurin keke ba ce.

Dole mu faɗa maka gaskiya a kan tsaro kafin mu shiga maganar ƙarfe. Arewa da Tanut ba wurin da mutum ɗaya zai shiga da keke ba ne a halin da ake ciki. Akwai 'yan fashi a hanyoyin hamada, hukumomin Nijar na taƙaita zirga-zirgar baƙi a yankin Agadas, kuma an binne nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Wanda zai shiga duwatsun sai da ɗan jagora ɗan ƙasa, da sanin hukuma, kuma ba a kauce wa sawun da motoci ke bi. A nan gida ma, kar ka ce za ka yi atisaye ta ɓangaren Jibiya, Batsari, Safana ko Ɗanmusa, ka san halin da gefen dajin Rugu yake ciki. Shawararmu ita ce ka raba burin gida uku: bana Damagaram da dawowa, sannan dutse a cikin Najeriya, Abzin kuma sai lokacin da hanya ta yi kyau kuma kun kai ku uku ko huɗu.

Lokaci. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu kaɗai. Maris ya fara zafi, Afrilu da Mayu kuwa ma'aunin zafi na wuce digiri 40, kuma mai tuƙa keke da kaya a wannan yanayi yana zubar da ruwan jiki fiye da yadda cikinsa zai iya mayarwa. Damina tana cika ƙoramun Abzin da ruwa mai gudu ba zato. Amma hunturu ma da nasa sharaɗin, kuma nan ne yawancin masu shiri ke tafka kuskure: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Kai kuma arewa ka nufa. Ke nan tun daga Kongolam har Agadas tana bugun ƙirjinka. Mutumin da ke cin kilomita 16 a awa da kaya, in iska ta taso masa gaba sai ya koma 9 ko 10, da wahala ninki biyu. Masu dabara sukan ɗora keken a mota zuwa can arewa, su tuƙo shi zuwa gida iska na tura su. In ka nace sai ka tafi da ƙafarka, to ka san iskar takan kwanta da dare, ta fara tashi da hantsi. Ka yi Asuba kayanka a ɗaure, gari na fara wayewa ka hau. Abin da ka ci kafin ƙarfe goma shi ne rabin tafiyar ranar. Daga sha ɗaya ka nemi inuwa, ka yi Azahar da La'asar, ka ƙara awa biyu, ka sauka kafin Magariba. Kar ka yi tafiyar dare a titi saboda manyan motoci. A kwalta ka sa ran kilomita 60 zuwa 80 a yini, a yashi da tsakuwa 25 zuwa 40.

Yanzu ruwa, wanda shi ne kan maganar. A sanyin hunturu mutum kan yaudari kansa, domin iskar busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa. Ka lissafa aƙalla kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa da kake kan sirdi. Misali, an ce maka tsakanin wannan rijiya da ta gaba kilomita 90 ne, kana fuskantar iska, kana cin 10 a awa. Awa tara ke nan, kusan lita 7. Ba za ka gama a yini ɗaya ba, don haka ƙara lita 3 na kwana, wato girki da sha da dare. Sannan ƙara lita 3 na ko-ta-kwana, saboda rijiyar na iya kasancewa ta ƙafe, ko famfon ya lalace, ko taya ta cinye maka rabin yini. Lita 13, wato kilo 13 a kan keken. Kar ka zuba su a jarka ɗaya. Jarka na tsagewa in ta yi ta gogar ƙarfen kariya, kuma in ta tsage ka rasa duka. Raba su a robobin lita ɗaya da rabi da ƙananan jarkoki masu lita 4 ko 5, ka naɗe kowace da tsumma ko buhun algarara. Tsumman na hana gogayya, in ka jiƙa shi kuma iska ta sanyaya ruwan. Ka ɗaura su ƙasa-ƙasa, a gefen ƙafafun keken da cikin firam, ba a can saman kaya ba, in ba haka ba keken zai riƙa rawa a hannunka. Alwala da ruwan sha a inda babu rijiya ba dole ba ce, addini ya ba matafiyi sauƙin taimama da ƙasaru.

In za ka tambayi inda ruwa yake, tambayi makiyayi ko direban da ya biyo hanyar cikin makon nan, kuma ka tambayi mutum biyu daban-daban. Kar ka tambaye su kilomita, tambaye su tafiyar awa nawa ce a raƙumi ko a jaki. Ruwan rijiyar da dabbobi ke sha sai ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka tafasa, ko ka jefa ƙwayar kulorin ka jira minti 30. Wasu rijiyoyin arewa suna da kanwa, ruwansu na sa gudawa ga wanda bai saba ba, kuma gudawa a hamada babbar matsala ce. Shi ya sa za ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti guda goma ko fiye. In sun ƙare, haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko ba gudawa, ka sha lita ɗaya ta wannan haɗin a duk ranar da ka yi tafiya mai tsawo, don wanda ke ɗirkar ruwa zalla yana zubar da gishiri ta gumi zai fara jin jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa, da ciwon kai da tashin zuciya. Ka riƙa duba fitsarinka. In ya yi ja kuma kaɗan ne, kana baya a shan ruwa. In abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a tsaya nan take: inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita, a tare mota ta farko zuwa asibiti.

Abinci ba shi da wuya ga Bahaushe. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari, taliya, ganyen shayi. A garuruwa ka sha fura ka ci tuwo. Ka riƙa cin wani abu kowace awa tun kafin yunwa ta kama ka.

To, keken naka. Giya 21 na nufin faranti uku a gaba, bakwai a baya. Yawan giyar ba shi ne abin dubawa ba, mafi sauƙinta ita ce. Juya keken ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban na baya. Yawancin irin waɗannan kekuna suna zuwa da 28 a gaba da 28 a baya, ko 24 da 28. Wannan ya isa titin Daura zuwa Katsina, amma bai isa hawan dutse da kilo talatin ba. Abin da kake so shi ne 22 ko 24 a gaba, 32 ko 34 a baya. Da 22 da 34 a ƙafa mai inci 26, kowane zagayen feda na kai ka kimanin mita ɗaya da kashi ɗaya cikin uku. Kwatanta da keken gargajiya marar giya, irin na masu kai madara kasuwa, wanda zagaye ɗaya ke cin fiye da mita 5. Akwai firiwil, wato jerin farantan giyar baya, mai bakwai da babban farantinsa ke da haƙora 34, ka nema wurin masu kayan keke a Kano ko Katsina, ka tabbata hannun giyar baya mai tsawo ne da zai iya ɗaukarsa. In ka sa sabon firiwil, sa sabuwar sarƙa tare, domin tsohuwar sarƙa a kan sabbin haƙora tsalle take yi.

Firam ɗin ƙarfe ya fi na alminiyam a wannan tafiya, don in ya tsage kowane mai walda a Tanut zai kama maka shi. Ka duba shi da kyau a wuraren haɗi, musamman ƙarƙashin wuya da wajen da kariya ke ɗaurewa. Ƙafar inci 26 ta fi, saboda tayarta da tib ɗinta ana samunsu a kowace kasuwa. Wilin baya shi ne ke fara ba da matsala. Ka so mai sifok 36, wato wayoyin ƙarfen da ke riƙe da wilin, ka kai wa gwanin gyara ya ja su daidai-wa-daida kafin tafiya. Sifok ba ya karyewa don nauyi kawai, yana karyewa ne in ya yi sako-sako yana lanƙwashewa a kowane zagaye, kuma kusan kullum a ɓangaren sarƙa yake karyewa, inda ba za ka iya zura sabo ba sai ka cire firiwil. Don haka makullin cire firiwil ya shiga jakarka, tare da sifok shida masu tsawon naka, a ɗaure jikin firam. In ɗaya ya karye, gyara shi a ranar. In ka bari, maƙwabtansa za su bi shi.

Taya kuwa, faɗinta inci 2 zuwa 2.3. A kwalta da kaya ka ba ta iska 45 zuwa 55 a gejin masu faci. Da ka shiga yashi, sauke ta zuwa 20 ko 25. Taya mai tauri yanka yashi take yi ta nutse, mai laushi kuwa tana baje ciki ta hau samansa, kamar tafin raƙumi. Amma akwai haɗari biyu. In ka koma kan duwatsu da wannan ƙarancin iska, rim zai matse tib a jikin dutse ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. Kuma taya mai laushi takan zame a kan rim in ka taka birki, ta ja tib har bawul ya tsage daga gindinsa, wanda faci ba ya gyarawa. In ka ga bawul ya karkace, sace iskar ka daidaita shi. Saboda wannan sauke-da-ƙara da za ka yi ta yi, famfo mai kyau wajibi ne, kuma bawul ya zama mai kauri irin na babur, wanda kowane mai faci ke da bakinsa. A cikin yashi ka sa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya, ka sassauta riƙon kan keken, kar ka juya shi da ƙarfi. In ya nutse, sauka ka tura. Tura keke mai kaya a ƙorama na cin kilomita 2 ko 3 kacal a awa, ka sa wannan a lissafin ruwanka.

Ƙaya ta fi yashi ɓata lokaci. Tsidau na nan birjik a gefen titi da wuraren da dabbobi ke kwana, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a ƙarƙashin bishiyoyin da za ka so ka huta. Ƙa'ida ita ce kar ka tuƙa keke zuwa gindin bishiya. Sauka a titi, ɗauke shi ko ka tura a hankali, kuma kafin ka sake hawa ka shafa tayoyin ka cire abin da ya maƙale tun bai shige ba. Dabarar masu faci ta yanke gefunan tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa tana aiki sosai, ko da yake tana ƙara nauyi. Ka riƙe tib uku, faci talatin, da sholisho ƙananan bututu biyu da ba a buɗe ba, don wanda aka buɗe zafi na busar da shi cikin 'yan kwanaki. Duk lokacin da ka yi faci, bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka samo ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda sabon.

Sarƙa: kar ka zuba mata baƙin mai. Yana kama ƙura ya zama abin da ke cin haƙora da sarƙar kanta. Kowace yamma goge ta da tsumma, ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka goge na waje tas. A lokacin nan kuma ka bi notunan kariya da sifana, domin hanyar gargada tana kwance su, kuma noti ɗaya in ya faɗi, ɗayan zai karye da nauyin. Riƙe notuna na sauyi, waya ta ɗauri, wayar birki da ta giya ɗai-ɗai, robar birki saiti biyu, da 'yan gaɓoɓin sarƙa.

Sai dutse. Kafin Abzin ka gwada kanka a Filato. Ɗora keken a mota zuwa Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, alhali Katsina ba ta wuce wajen 500 ba. Duwatsun Shere na gabashin garin sun haura mita 1,800. In kana son hawa na gaske akwai Hawan Kibo a hanyar Akwanga, sai dai manyan motoci na yawan samun matsalar birki a wurin, ka bi shi da safe kana manne da gefe, kuma ka tambayi mutanen gari halin zaman lafiyar yankin kafin ka fita. Wanda ya fi shi shi ne hawan Mambila a Taraba, daga Mayo Selbe zuwa saman tudu a hanyar Gembu, mai lanƙwasa bayan lanƙwasa.

A dutse ba a lissafi da kilomita, ana yi da mitocin da za a hau. Kai da keke da kaya da ruwa kun kusa kilo 120. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai hau mita 250 zuwa 300 a awa da wannan nauyi. Hawan mita 1,000 ke nan awa huɗu ne har da hutu, ko da nisan bai wuce kilomita 15 ba. Ka sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, domin sauyawa kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. Ka zauna a sirdi, ƙafa na juyawa da sauri ba da ƙarfi ba. In gwiwa ta fara ciwo ta gaba, sirdin ya yi ƙasa ko giyar ta yi nauyi. Ka raba kaya, kimanin kashi 60 a baya 40 a gaba, don in duka suna baya ƙafar gaba za ta riƙa ɗagawa a hawa mai tsini. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma a cikin Abzin daren Janairu na iya kusantar daskarewa, don haka bargo mai kauri, rigar sanyi, hula da safar hannu ba ado ba ne.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma a nan muke roƙonka ka kula sosai. In ka riƙe birki ba saki a doguwar gangara, robar na gogar rim har ya yi zafin da zai narkar da faci ko ya fasa tib, kuma fashewar tayar gaba a gangara faɗuwa ce mummuna. Mai birkin faifai shi ma in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Yadda ake yi: ka matse duka biyu da ƙarfi na 'yan daƙiƙu har gudu ya ragu sosai, ka saki su sha iska, ka sake. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Duk bayan kilomita biyu ko uku tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga rim. In ba ya taɓuwa, jira ya huce. Kafin ka fara gangarowa ka rage wa taya iska kaɗan, ka duba kaurin robar birki, ka tabbata babu igiyar kaya da ke lilo kusa da sifok.

Wurin kwana, gari ya fi daji. Ka isa da sauran rana, ka yi sallama wurin mai gari ko limami, ka faɗi daga inda kake da inda za ka. Har Agadas Hausa za ta fisshe ka. In dole ta sa ka kwana a fili, kar ka shimfiɗa a cikin ƙorama ko jikin tarin duwatsu, ka zazzage takalmi da safe saboda kunama, ka riƙe tocila in za ka zagaya da dare saboda kububuwa. Rawani ko ƙyalle mai rufe hanci, tabarau, da man kaɗe na leɓe da tafin hannu za su raba ka da tsagewar fata.

Takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, da rasiɗin keken, domin za a iya tambayarka a shingen jami'ai. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka je ofishin shige-da-fice na Kongolam tun kafin ranar tafiya ka ji abin da ake nema a lokacin. Canja kuɗinka zuwa sefa, ƙananan takardu, ka raba su wuri biyu. Sayi layin wayar Nijar da ka tsallaka, sauke taswirar da ke aiki ba intanet, ka riƙe batirin caji. Ka bar wa wani a gida jerin garuruwan da za ka kwana da ranakun, da yarjejeniyar cewa in kwana biyu suka wuce bai ji ka ba ya fara kiran mutanen zangon ƙarshe da ka ambata.

Kafin duk wannan, ɗaura cikakken kayan da ruwa lita 13, ka yi Daura zuwa Katsina ta Mashi, kimanin kilomita 80, ka kwana ka dawo washegari iska na gabanka. Mako na gaba ka bar kwalta ka bi hanyoyin amalanke tsakanin ƙauyukan Zango da Baure na yini guda, kana sauke iskar taya kana ƙarawa, kana rubuta lita nawa ka sha da kilomita nawa ka ci a awa. Waɗannan alƙaluman naka su za ka sa a lissafin zangon Damagaram a maimakon namu.